Jirgin Da Ba Shi Da Inji A Fiffike

SHAFI NA 9

Zulaihat ce, daga ɗakin jego a Gwarzo

Salamu alaikum 'yan gidan nan. Na ga saƙonninku wallahi, har da baiwar Allahn da ta rubuto wai ko mutuwa na yi 😂 Ban mutu ba 'yar uwa, jego nake! Da hannu ɗaya nake danna wayar nan, ɗayan mutuniyar ta kwanta a kai har ya yi tsami. Kuma albishirinku, yau da safe ta yi min murmushi! Gwaggo ta ce wai iska ce a cikinta. Ni dai na ce murmushi ne, har da ɗan lotsawar kumatu irin ta babanta, tubarkalla masha Allah.

Masu tambayar suna, ku bi ni a hankali, yana cikin shafin nan.

Sababbin shigowa kuma ga inda muke. Mijina Muhammad Nur ɗan Kabo ne, yana China yana koyon gyaran jirgin sama. Ina da ƙaramin ciki ya tafi. Na dawo gidanmu na haihu, sai ga magana ta cika gari wai ba karatu yake ba, wai da ƙwaya aka kama shi yana ɗaure, hoton da ya turo a gaban jirgi kuma haɗi ne. Baffansa Alhaji Haladu, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensa, ya aiko wa Malam mahaifina cewa ba za su zo suna ba. Nan muka tsaya.

✈️✈️✈️

Ana gobe suna ne.

Gwaggo Atika, yayar mahaifina, ita ke min wankan jego. Ta gama zabga min ruwan zafi da ganyen darbejiya kenan, ta dire min kwanon kunun kanwa, sai ga wata maƙociyarmu ta shigo barka. Ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, tana karanta labarin nan ma.

Ta karɓi jaririya ta juya ta, ta duba kunne, ta duba yatsu.

"Masha Allah. Sai dai fa ban ga kamannin mutanen Kabo ba."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Wai ni Zulai, wata nawa ne yanzu da tafiyar maigidan?"

Jama'a, a gabana matar nan ta fara lanƙwasa yatsu. Ƙirge take!

A nan na gane. Idan dangin uba ba su zo suna ba, ba wanda zai tuna da zancen ƙwaya. Cewa za a yi yarinyar ce ba tasu ba. Kuma maganar za ta bi ta makarantar allo, ta bi ta Islamiyya, ta bi ta har ranar da za a zo neman aurenta. Yarinyar da ko cibiyarta ba ta warke ba!

Matar na fita na ture kunun.

"Gwaggo, Kabo za ni."

"Ina?"

"Kabo. Yanzu."

Ta dafe ƙirji. "Ke Zulai! Da ɗanyen jiki? Maijegon da ko suna ba a yi ba? Ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa ji ba. Ko ƙofar gida ba kya leƙawa sai kin yi arba'in, so kike sanyi ya shige ki ki kumbura?"

"Gwaggo kin ga abin da ta yi da yatsu?"

Ban jira ta amsa ba, na ɗora.

"Malam ya tura mutane har sau biyu, Baffa ya ƙi sauraronsu. Gobe da safe maza za su taru a ƙofar gida, liman zai ce ina dangin uba su faɗi suna. Wa zai amsa?"

Gwaggo ta daɗe tana kallon jaririyar. Can ta miƙe ta ja tsaki, ta fizgo mayafinta daga kan ƙofa.

"Sa safa. Sa rigar sanyi. Toshe kunnenki da auduga. Ubanki kuwa ƙanina ne, in ya dawo daga makaranta ya zo ya same ni."

Rigar sanyi fa, a tsakiyar bazara! Haka na shiga motar haya ina zufa kamar an jiƙa ni, Gwaggo ta rungume jaririya cikin tawul, duk ramin da direba ya faɗa sai ta ce, "Kai ɗan nan, mutum ka ɗauko ba buhun gero ba!"

✈️✈️✈️

Muna shiga gidan Baffa, abin da na fara gani ya kusa sa ni kuka.

Ragon suna.

Yana ɗaure a gindin bishiyar tsakar gida yana cin harawarsa hankali kwance. Baffa da kansa ya ware shi tun ranar da aka gaya masa ina da ciki, ya ce wannan na jikana ne, ba mai taɓa shi ko da Babbar Sallah.

Matan gidan suka fito suna salati. "Maijego? Zulai, ke ce? Lafiya?"

Gwaggo ta ce, "Lafiyar kenan. A yi mana iso wajen Alhaji."

Yana zaune a falonsa kan darduma da carbi. A gefensa ga Zayyad, ɗansa, ƙanin mijina kenan. Shi ne mai digiri a gidan, shi ke riƙe wa Baffa waya, shi ke karanta masa saƙo, shi ke gaya masa wa ya kira wa bai kira ba.

Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baffa ina kwana."

"Lafiya lau."

"An tashi lafiya?"

"Alhamdu lillahi. Ya jikin?"

"Da sauƙi Baffa."

"Ya Malam? Ya mutanen Gwarzo? Ya zafi?"

"Duk lafiya, suna gaishe ku."

Suka gaisa da Gwaggo, ya gida, ya iyali, ya hidima, ya aka ji da jama'a. Duk gaisuwar nan ko sau ɗaya bai kalli tawul ɗin da ke hannunta ba.

Zayyad ya yi wani murmushi. "Matar Yaya, ke da fitowa haka? Ai da kin aiko."

Ban ko kalle shi ba.

Baffa ya ajiye carbi. "Hajiya Atika, da girmanki ki fito da yarinya da ɗanyen jego?"

"Da girmanka ka bar rago a ɗaure, Alhaji. Shi ya fito da mu."



Baffa ya yi gyaran murya. "Ni ba ni da rigima da yarinyar nan. Mace ce, dole ta rufa wa mijinta asiri. Amma yaron da na raina da hannuna, na sa shi a makaranta, ya sauke Alƙur'ani a zauren nan, ya tafi ƙasar mutane ya zubar min da mutunci, sannan ya ɗora min ƙarya a kai? Ba zan zauna a taronsa ba. Na cire hannuna."

Na ce, "Baffa wallahi kullum muna waya. Ina ganinsa a bidiyo."

"A ina kike ganinsa?"

"A ɗakinsa."

Zayyad ya karɓe. "Ɗan ƙaramin ɗaki, farin bango, gado mai hawa biyu na ƙarfe. Ko ba haka ba? Baba, ai irin ɗakunan kurkukun can kenan. Suna ba su waya lokaci-lokaci."

"Ɗakin ɗalibai ne!"

"To me ya hana ya nuna miki wajen aikin?"

"Ba a shiga da waya wajen da ake kwance jirgi. Doka ce."

Ya kalli Baffa ya ɗaga kafaɗa, wai ka ji ko.

Wallahi da ba a gaban surukina nake ba, da sai na cire safar nan na jefe shi da ita.

Baffa ya ce, "Zayyad, buɗo hoton."

Ya buɗo ya miƙa masa. Hoton da maigidana ya turo ne ranar da aka kai su ganin jirgin, yana tsaye da rigar aiki, yana dariya har haƙoransa a waje, farin jirgi a bayansa.

Baffa ya juyo da wayar wajen Gwaggo.

"Hajiya, kin je Makka. Ni ma na je, ba sau ɗaya ba. Don Allah dubi fiffiken nan. Ina inji?"

Gwaggo ta matso da ido. Ta ƙara matsowa.

"Jirgin da ya kai mu Jidda," in ji Baffa, "injinsa a rataye yake a ƙarƙashin fiffike, kowanne ya kai ɗakin nan girma. Ta taga na riƙa kallonsa har muka sauka. Wanda ya dawo da mu ma haka. Duk jirgin da na gani a filin Kano haka, a Jidda haka, a Madina haka. Wannan fa? Fiffike fayau kamar na figaggiyar kaza. Da me zai tashi? Wanda ya haɗa hoton ya manta bai liƙa inji ba."

Gwaggo ta waigo ta kalle ni. A hankali ta ce, "Zulai, gaskiya namu ma a fiffike yake."

Gwaggo fa! Wadda na taho da ita!

"Baffa a baya yake. Ga shi can kusa da bindi, kan maigidan ne ya ɗan kare shi."

"Wannan? Wannan ai tankin ruwa ne."

"Inji ne Baffa."

"Bari. Ban gama ba. Zayyad, na cikin."

Ya buɗo hoto na biyu.

"Dubi kujeru. Nan ɓangaren biyu, nan ɓangaren uku. Ko kwale-kwale aka yi wa lodi haka ai kifewa zai yi. Ko jaki ka ɗora wa mangala gefe ya fi gefe, ba zai kai kasuwa ba. Balle abin da zai hau sama?"

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Na uku. Da zai tafi, a nan ya zauna ya ce min sunan jirgin wani abu mai ashirin da ɗaya. Na riƙe. Yanzu Zayyad ya nuna min ya rubuta wai C tara-sifili-tara. Jirgi yana canja suna ne kamar amarya ta shiga gidan miji? Shi maƙaryaci matsalarsa mantuwa."

"Canja masa aka yi Baffa, bayan tafiyarsa..."

"Kuma ma," ya katse ni, "yaushe China ta fara ƙera jirgi? Tocilan ɗinsu na saya ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta mutu."

Matan gida da ke laɓe a bakin taga har wata ta yi dariya.

Hawaye suka taho min. Ba na tsoro ba, na baƙin ciki. Mutum yana can cikin sanyin ƙasar mutane, abincinsu ma ba ya iya ci sai ya dafa taliya a ɗaki, yana kwana karatu, a nan kuma an mai da shi ɗan ƙwaya saboda fiffike!

Kuma ni ban gaya masa komai ba. Satin jarrabawarsu ne. Kullum sai ya ce, "Zulai, na kira Baffa ba ta shiga, lafiya dai ko?" In ce lafiya lau, matsalar sabis ce. Har cewa ya yi in gaya wa Baffa ya yi wa yarinya huɗuba da sunan mahaifiyarsa. Na ce to. Ina zan ce masa Baffa ko kallonta bai yi ba?

Na goge ido na ce, "Baffa, ka ba ni dama in faɗi abin da na sani game da jirgin."

"Faɗi."

To a nan fa matsalar take. Ni aji uku na tsaya a sakandare, kun sani. Abin da na sani duk na tsinta ne lokacin ina amarya, sanda ake shirin jarrabawar neman tafiyar. Su biyu suka nema, maigidana da Zayyad. A falona suke baje takardu suna haddar jirgin nan kamar masu tilawa, ni ina kawo shayi ina kwashe kofuna. Aka ɗauki ɗaya aka bar ɗaya.

Na fara.

"Shi dai jirgin, ƙarami ne, ba irin na Makka ba. Na zirga-zirgar kusa ne, gari zuwa gari. Injinsa a baya yake, guda... guda uku."

Wallahi ba da gangan na faɗa ba. Ruɗewa na yi.

Sai na ga ƙafar Zayyad ta motsa.

Ku da ba ku san Zayyad ba, bari in gaya muku. Mutumin nan ba ya iya jin kuskure ya yi shiru. Mai karanta labarai a rediyo yana gyara masa magana. Ranar ɗaurin aurenmu sai da ya gyara wa maroƙi sunan kakansu. In ka ce abu ya kai kilo biyu zai ce ɗaya da rabi ne. Ciwo ne a jikinsa.

Na ga ya cije leɓe. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa.

Gwaggo ma ta gani. Ta sa hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya.

Na ce a raina, to bismillah.

"Eh, uku ne. Kuma 'yan China ne suka ƙera injin da hannunsu, da ƙarfen tukunya."

Ƙafar ta ƙara motsi.

"Yana ɗaukar mutum ɗari biyar. Har da na tsaye."

Zayyad ya juya kai wajen bango.

"Kuma ba su sha wahala ba wajen ƙera shi. Cikin wata shida suka gama, ranar da aka gama ranar aka zuba fasinja. Ko gwaji ba a yi ba."

Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Wata shida?"

"Wata shida Gwaggo. Kuma in ya tashi daga China, bai tsayawa shan mai sai Amurka, ya juyo ya dawo. Shi ya sa aka sa masa suna ARJ talatin da bakwai."

"ASHIRIN DA ƊAYA!"

Kowa ya zabura. Har jaririya ta motsa.

Zayyad ne. Ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"ARJ ashirin da ɗaya! Kuma inji biyu ne, ba uku ba, ɗaya dama ɗaya hagu a jikin bayan jirgin! Kuma ba na China ba ne, na Amurka ne, General Electric, CF34! Wane irin ɗari biyar? Saba'in da takwas ne zuwa casa'in, in an matse kujeru ya ɗan haura! Wata shida? Tun 2002 aka fara aikin, sai ƙarshen 2008 ya fara tashi a Shanghai, aka yi ta gwaji shekara da shekaru, har Kanada aka kai shi don a ga yadda zai yi da ƙanƙara, sai 2016 ya fara ɗaukar fasinja! Shekara goma sha huɗu! Kuma wace Amurka? Iyakarsa kilomita dubu uku da ɗari bakwai, shi ma sai mai dogon zangon! In ba ki sani ba ki yi shiru mana, haba!"

Ya tsaya yana haki.



A waje rago ya yi kuka.

Gwaggo ta gyara zaman jaririya a cinyarta, ta ce cikin sanyin murya, "Sannu ɗan nan. Sha ruwa."

Baffa bai ɗaga murya ba. Na fi son ma a ce ya ɗaga.

"Zayyad."

"Na'am Baba."

"Inji biyu ka ce?"

Zayyad ya gyaɗa kai.

"A ina ka ce suke?"

"A... a baya."

"Ba a fiffike ba."

"Baba ai... akwai masu irin haka. Don inji ya yi nisa da ƙasa, kar ya zuƙi tsakuwa a ƙananan filaye. Amma ni abin da nake nufi..."

"Kujerun fa? Biyu da uku?"

Ya sunkuyar da kai. "Haka yake. Ba ya kifewa."

"Sunan fa?"

"Sun canja. Ƙarshen 2024. Don ya yi daidai da sunan babban jirginsu."

"Ka sani."

"Baba..."

"Ranar da na kira ka na ce duba min hoton nan, na ga kamar ba inji, me ka ce min?"

Zayyad ya kawar da kai.

"Ni zan tuna maka. Ka ce, Baba ai kai ka hau jirgi, ka fi ni sani."

Na manta da surukuta, na manta da kunya.

"Zayyad, me na yi maka? Shayin da na dafa maka ne laifina? Shi Yayan naka, da sakamako ya fito, kwana ya yi bai ci abinci ba don ba sunanka. Har cewa ya yi zai haƙura ya jira ka wata shekarar, Baffa ne ya hana! In shi ka tsana, ita wannan fa? Me ta sani? Yau da safe a gabana aka ƙirga mata watanni da yatsu!"

Baffa ya juyo da sauri. "Aka yi me?"

Gwaggo ta ce, "Abin da ka ji, Alhaji. In ba ku zo gobe ba, ba Muhammadu za a zaga ba. Ita za a zaga. Ka san mutane."



Zayyad ya ce, "Ni fa ban ce a yi haka ba. Ni na fi shi maki a makaranta, kowa ya sani. Ni ke da digiri, shi difloma ce da shi. Don dai ya iya riƙe sifana..."

Baffa ya ce, "Rufe min baki."

Ya rufe.

"Mutumin da ka ce ya kira ka daga can, ya ce an kama shi. Wane ne? Akwai shi?"

Zayyad ya girgiza kai, ƙasa-ƙasa.

Matan taga suka ɗauki salati. Wata ta ce, "Innalillahi, Zayyad!"

"Kiran da yaron nan yake min fa? Wata nawa ina cewa ya manta da ni?"

"Na... na toshe lambar."

Baffa ya rufe ido. Ya daɗe a haka, leɓensa na motsi. Da ya buɗe, idon ya yi ja.

Bai kalli Zayyad ba. Hannu biyu ya miƙa wa Gwaggo.

"Hajiya, ba ni ita."

Gwaggo ba ta yi sauri ba. Sai da ta gyara tawul, ta gyara hula, ta goge mata baki, ta bar shi da hannu a miƙe. Ni na san da gangan ta yi. Sannan ta ɗora masa.

Ya buɗe fuskar.

Mutuniyar kuwa kamar ta san abin da ake, ta buɗe ido ɗaya ta kalle shi, ta yi hamma.

"La ilaha illallahu," in ji Baffa. Muryarsa ta karye. "Wannan ai goshin ɗan'uwana ne. Hajiya dubi goshin. Dubi haɓar."

"Mu mun gani tun ranar da ta faɗo. Ku ne ba ku zo ba."

Baffa ya juyo. Ya kalle ni.

"Ya faɗi sunan da yake so?"

"Ya ce sunan mahaifiyarsa, Baffa."

Ya kai bakinsa kunnenta na dama. Ban ji duk abin da ya karanta ba, hawaye sun hana ni. Ƙarshen kawai na ji.

"Halimatus Sa'adiya."

Jama'a, kun ji sunan! Ummi muke kiranta 😭❤️

Ya ɗaga murya wajen taga. "Ku da kuke laɓe, a kwance ragon nan a sa a mota. A nemo goro da dabino. A gaya wa duk namijin da ke gidan nan, gobe a Gwarzo zai yi sallar asuba. Wanda bai je ba, ya nemi wani uban."

Guɗa ta tashi a tsakar gida. Gwaggo ta ce, "A ƙara da mota mai kyau ta mai da maijego, ba irin wadda ta kawo mu ba."

Zayyad ya fara ja da baya a hankali wajen ƙofa.

Baffa ya ce, "Ina za ka?"

Ya tsaya cak.

Daidai nan wayata ta ɗauki ƙara a cikin jaka.

Na san ko wane ne tun kafin in duba. In hantsi ya yi a nan, can yamma ta yi, sun tashi daga aiki. Lokacin kiransa kenan.

Na ciro. Hotonsa ne a gaban farin jirgin, yana ta dariyarsa, bai san komai ba.

Baffa ya ce, "Shi ne?"

"Shi ne Baffa."

"Ya san abin da ake ciki?"

"Ban gaya masa ba. Gobe yake da jarrabawar ƙarshe."

Na so ya bari sai an gama. Wallahi na so. Na buɗe baki in roƙe shi, Gwaggo ta sake mintsinina.

Baffa ya gyara Ummi a hannun hagu, ya miƙo na dama.

"Kawo."

Na miƙa masa.

"Ina ake dannawa kowa ya ji?"

Na nuna masa. Ya danna da kansa.

"Salamu alaikum, Zulai? Ya Ummina? Kin samu Baffa kuwa?"

Muryarsa ta cika falon, tas kamar yana zaure.

Baffa bai amsa ba. Ya miƙa wayar saitin bakin Zayyad.

"Ga Yayanka. Ka iya bayani, yanzu muka gani. Fara daga inji."